Kwanon Ruwan Tokuzo

Duk tsibirin Toyoshima babu wanda bai san cewa Tokuzo bai iya tsayar da jirgi a kwata ba. Mutum ne da ya san makwancin kifin takobi tun daga mashigar Bungo har tsibiran Goto, kuma da zaren fatsa a ɗan yatsansa yana iya gaya maka girman abin da ke shinshinar ƙugiya a can ƙasa. Amma ka ba shi sitiyari ka ce ya matso da jirgi jikin bango, sai dai ka runtse ido ka saurari ƙara. Har yau akwai wani gurbi a simintin kwatar gabas da ake kira da sunansa. Abin bai taɓa damunsa ba, domin bai taɓa bukatar ya iya ba. Tuƙi aikin matarsa ne, Kinuyo.

Haka sana'ar take a wurinmu tun kaka da kakanni. Miji da mata su fita a jirgi ɗaya su yi watanni suna bin kifi, yara kuma a bar su a ɗakin kwanan makaranta. Shi yana baya da zare da ƙugiyoyi, ita tana riƙe da jirgi a kan garken kifi, idonta a ruwa, kunnenta a inji. Su biyun duk a cikin jirgi aka haife su. Ɗakin kwanansu na cikin jirgi katifa ɗaya yake ci, in ɗaya zai juya sai ɗayan ya juya, kuma a nan suka yi shekara kusan hamsin suna faɗa a kan wanda ya cika wa miya gishiri. Sun gina gida a tudu, mai hawa biyu, don kada a ce ba su gina ba. Sabuwar shekara da bikin tunawa da matattu kaɗai suke shigarsa, shi ma ɗin da zarar baƙi sun watse sai Kinuyo ta ɗauki matashinta ta gangara kwata.

"Gida ba ya motsi," in ji ta. "Ta yaya mutum zai yi barci a kan abin da ba ya motsi?"

Tokuzo ya ji wannan magana sau ba adadi. Amma ka san maza da maganar da suka saba ji daga bakin matansu, ta kunne ɗaya take shiga ta fita ta ɗayan.

Wata rana da kaka, suna gab da Tsushima, ya ji jirgi yana zagaye a wuri ɗaya. Ya buɗe baki zai yi mata tsiya, da ya waiga sai ya gan ta a kife kan sitiyari, bakinta ya karkace. Shi ya tuƙa jirgin zuwa tasha mafi kusa yana kiran sunanta, sunan da ya yi shekaru bai furta ba don kullum Maman Sanae yake ce mata. A ranar ma sai da ya daki bango. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na hagu ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Bayan watanni a asibiti aka kawo ta gidan nan mai hawa biyu a keken guragu, aka yi mata shimfiɗa a ɗakin ƙasa.

A nan ta fara ƙarewa. Ba ta barci, ba ta cin abin kirki, ta juya fuska ga bango. Likita ya ba da ƙwayoyi, ta haɗiye, idonta dai yana nan a buɗe. Matar da a da in ta daka tsawa ana jin ta a jirgi na uku, yanzu sai a wuni ba a ji muryarta ba. Tsoro ya kama Tokuzo, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar guguwa. Sai ya kira maƙwabta suka ciccibe ta da kekenta suka saka a tsohon jirginsu, yana ɗaure a kwata. Jirgin masunta siriri ne, ba a yi shi don keke ba. Ba a jima ba jirgin fito ya wuce, igiyar ruwansa ta iso, keken ya kife, goshin Kinuyo ya haɗu da murfin inji. Waɗanda suke wurin sun ce kafin ta faɗi ta lumshe ido kamar wadda aka ba ruwa bayan ƙishi, amma Tokuzo jinin kawai ya gani.

Washegari 'yarsu Sanae ta iso daga Hiroshima. Ita kaɗai suka haifa, a ɗakin kwanan makaranta ta girma, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ba ta son teku ba. Ta dubi ɗinkin da ke goshin uwarta, ta ja ubanta zuwa kicin ta rufe ƙofa.

"Baba, kashe ta kake so ka yi?"

"Gidan nan ne zai kashe ta."

"To ai ba nan za ta zauna ba. Na yi magana da wani gidan kula da tsofaffi a Kure, da bazara za a sami gado. Akwai masu jinya, akwai taga mai kallon teku."

"Taga," in ji Tokuzo.

"E, taga. Ni ma ta taga na yi ta kallonsa ina jiran ku, ga ni ban mutu ba." Ta ga maganar ta shige shi, amma ba ta janye ta ba. "Jirgi ya ɗauke mini uwa ina ƙarama. Ba zan zuba ido ya ƙarasa ta ba."

"In na sami jirgin da ba ya tangaɗi fa?"

"Babu irinsa, kai ma ka sani."

"In na samu fa?"

Sanae ta gaji da musu. Ta ɗauki kwanon miyar uwarta ta dangwarar a gabansa. "Samo jirgin da za a cika wannan da ruwa, jirgin fito ya wuce bai zube ba. Ranar sai mu yi magana."

Ita rufe zancen ta yi. Shi kuwa ya wanke kwanon, ya naɗe shi a tawul, ya saka a jaka.

Ya san irin jirgin da yake nufi. Ya sha ganinsu a tashoshin masu kuɗin Osaka: ciki biyu sirara a jere, kowanne da injinsa, an ɗora ɗaki mai faɗi a kansu. Masunta takalmi suke kiran irinsu, saboda kamarsu ɗaya da takalmin katako mai haƙora biyu, kuma shi kansa Tokuzo bai taɓa wuce ɗaya bai yi tsaki ba. Yanzu ga shi yana neman takalmi ruwa a jallo. Sabo ko a mafarki ba nasa ba ne, na hannu ma sai in ya rabu da nasu.

Ba a sayar da jirgi da ransa a ciki. Don haka kafinta Genzo, abokinsa tun suna yara, ya zo da kurfi ya buɗe wani ɗan gurbi a ƙarƙashin sitiyari, ya fito da ƙaramin akwatin katako. A ciki akwai tsoffin sulalla da wani ɗan gashin Kinuyo da aka yanka shekarar aurensu, baƙi wuluk har yanzu. Akwatin ya bi su daga jirgi zuwa jirgi duk tsawon zamansu.

"Masunci da takalmi," in ji Genzo yana miƙa masa. "Saura farin wando da hular kyaftin. To ni gaya mini, in ka samo shi, a wane cikin zan sa wannan? Ciki biyu, rai ɗaya?"

"Kai dai riƙe kurfinka da kaifi."

"Ita ta san ka sayar?"

Gaskiyar ita ce ba ta sani ba. Ranar da mai saye ya zo ɗauka Tokuzo yana zaune kusa da shimfiɗarta yana ɓare mata lemu, sai ƙarar inji ta taso daga kwata. Jirage nawa ne a kwatar nan, amma nan take ta juyo. Ta saurara har ƙarar ta zagaya bayan bango ta ɓace.

"Wane ne?" ta tambaya da nauyayyen harshenta.

"Na sayar. Zan samo mana wani, wanda ba za ki faɗi ba."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar da fuskarta ga bango. Lemun nan a hannunsa ya bushe.

Duk hunturun nan a hanya ya yi shi. Ya bar ta da matar Genzo da safe, ya hau bas, ya hau jirgin fito, ya dawo da yamma. Wani dillali mai suna Kurahashi, mai taushin murya da haƙurin da sana'arsa ta koya masa, shi ya riƙa yawo da shi tasha tasha. Kayan aikin Tokuzo uku ne a jaka: ƙaramar guduma, sandar gora da ya yanka daidai faɗin keken Kinuyo, da kwano.

Na farkon da suka gani a Onomichi na wani likitan haƙori ne, fari fat, kujerunsa na fata, har da wurin sanyaya kwalabe. Tokuzo ya kara sandarsa a ƙofa, ta ƙi shiga. Gadajen kuma duk suna can ƙasa cikin cikunan, sai an bi wata matakala mai tsayi. Bai ko fito da kwano ba. Wani ya yi masa kyau daga sama, amma da ya sa aka ɗaga shi daga ruwa ya bi jikinsa da guduma, sai ya ji wurare suna amsawa kamar ruɓaɓɓen kabewa, ga bororo birjik a ƙarƙashin fenti. Wani daɓensa na tsakiya ya yi kusa da ruwa sosai, ko ƙaramar igiya ta shiga tsakanin cikunan sai ta mari ƙasan ɗakin kamar ana daka. Wani kuwa faɗinsa ya yi yawa, babu tashar masuntan da za ta ba shi wurin kwana. Ya koyi zuwa tun kafin lokacin da aka sa masa, ya dafa inji ya ji ko an riga an ɗuma shi, don inji mai ciwo a sanyin safiya yake fallasa kansa da hayaƙi. Duk wanda ya tsallake waɗannan, sai ya cika kwano ya ajiye a tsakiyar ɗaki, ya tsuguna yana jiran wani babban jirgi ya wuce. Ma'aikatan tashoshi suka sa masa suna tsoho mai kwano, ya yi kunnen uwar shegu da su.

"Ka ga amfanin irin wannan, Tokuzo-san," in ji Kurahashi wata rana, yana shafa hannayen totur guda biyu da ke gefen sitiyari. "Inji biyu ne. In ɗaya ya mutu a teku, ɗayan zai kai ka gida."

Tokuzo ya ɗago ya dube shi. Dillalin ya tuna dalilin sayen jirgin, ya sha jinin jikinsa, ya shiga nuna masa tankin ruwa.

Sanyi ya fara sassauci, Sanae ta bugo waya ta ce gadon ya kusa samuwa. Kinuyo kuwa ta rame har zoben hannunta yana zamewa. A makon ne suka sami jirgin, a bayan wani sito a Ushimado. Mummuna ne, babu wata kwana. Fentinsa ya koɗe, yana warin roba, don masu nutso ya yi shekaru yana ɗauka kafin mai shi ya tsufa ya ajiye. Amma daɓensa a shimfiɗe yake tun daga baya har gaban sitiyari, ƙofarsa ta haɗiye sandar gora har da sauran wuri, guduma ta ji tauri ko'ina, injinan tsofaffi ne amma irin waɗanda ake samun kayan gyaransu a kowace tashar masunta. Tokuzo ya cika kwano. Jirgin fito ya wuce, ruwan ya yi rawa, ya leƙa baki, ya koma. Tsohon nan ya zauna daɓas a ƙasa, daɗi ya cika shi.

Kurahashi ya yarda ya kawo jirgin Toyoshima a gwada kafin a ƙulla ciniki. Ranar rabin garin ya sauko kwata don kallon takalmi. Sanae ta zo, fuskarta a ɗaure. Aka kara katako, keken ya gangara ciki sumul ba tare da an ɗaga kowa ba. Tokuzo ya riga ya kafa madauri a daɓe, a wurin da ya fi ko'ina rashin motsi, gaban wata babbar taga. Nan ya ɗaure keken, ya rufa wa matarsa bargo a ƙafa, ya ajiye kwano a tebur. Ya yi hunturu guda yana gudun taga mai kallon teku, ga shi da hannunsa ya ajiye ta a gaban wata, bai kuma gani ba.

Kurahashi ya fitar da su a hankali. Da suka kai tsakiyar mashiga jirgin fito ya zo wucewa, dillalin ya fuskanci igiyar da goshin jirgi kamar yadda ake yi. Ruwan kwano ya girgiza, ko ɗigo bai sauka ba. Tokuzo ya dubi 'yarsa. Ita ma ta san abin da ta faɗa a kicin.

"Baban Sanae," in ji Kinuyo.

Ya durƙusa kusa da ita da sauri. "Kin gani ko? Ko ɗigo."

"Yaushe za mu tashi?"

Ya yi zaton bai ji daidai ba. "Ai mun tashi tun ɗazu. Ga tsibiri can a baya."

Ta dubi tagar, ta dubi daɓen da ke ƙarƙashin kekenta, ta dubi madaurin. Kowace kalma sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito, shi ya sa babu wanda bai ji ba.

"Ka sayar da jirgina. Ka sayo gida."

A nan durƙushe maganar da ta yi ta faɗa shekara da shekaru ta dawo wa Tokuzo, ta matashi da gangarawa kwata, ya kuma gane abin da ya yi. Ya zagaye tashoshi yana neman jirgin da babu motsi a cikinsa, alhali motsin ne kaɗai abin da take nema. Tsohon jirginsu ya tafi, ba zai dawo ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan kwanon nan da ke zaune cike da ruwa.

Sanae ce ta lura da hannun. Hannun daman uwarta yana kan hannun keke, kuma duk lokacin da Kurahashi ya karkata jirgi, yatsun sai sun motsa kafin nasa. Ta tsaya tana kallo. Ita ce wadda ta fi kowa sanin yadda ake ji in an ajiye mutum a taga an tafi. Ta sunkuya ta kwance madaurin.

"Kurahashi-san, ɗan matsa."

"Ranki ya daɗe, ai ba a…"

"Cire kujerar tuƙin nan, don Allah."

Ya cire. Ta tura keken har gaban sitiyari, ta taka birki, ta riƙe shi ta baya da hannu biyu. Kinuyo ta ɗora hannunta. Ta ɗan karkata kai tana sauraron injinan, ɗaya bayan ɗaya, ta juya sitiyari kaɗan ta ji yadda jirgin ke amsawa. Can wani jirgin dakon yashi ya ɓullo daga kudu, yana jan igiyar ruwa mai kauri. Ta jira shi. Da ya wuce, maimakon ta ba igiyar goshi, sai ta juya ta ba ta haƙarƙari.

"Kinuyo-san, ba a karɓar ta ta gefe," in ji dillalin, yana neman abin kamawa.

Cikin dama ya hau, na hagu ya nutsa, sannan suka yi musaya. Jirgin ya yi tangaɗi sosai, ya sake yi, ya kuma yi. Tokuzo ya rungumi keken ta gefe, Sanae ta kafe ƙafa. Kwanon ya zame daga tebur, ruwa ya malale a daɓe, shi kuma ya yi ta birgima har bakin ƙofa. Kinuyo idonta a lumshe yake, rabin bakinta mai rai yana murmushi.

"Ba laifi," in ji ta. "Ashe yana da rai."

Tokuzo ya dubi ruwan da ya malale. Sharaɗin ke nan, kuma ya zube a gaban mai shi. Sanae, wadda fuskarta ta riga ta yi fari saboda tashin zuciya, ta taka ta ɗauko kwanon, ta juya shi tana duba gindinsa.

"Kwanon nan dama ba shi da gindin kirki," in ji ta. Ta goge shi da gefen rigarta ta saka a jakarta. "Zan kira Kure gobe in ce su ba wani gadon. Amma Baba, madauri a nan gaban sitiyari za ka kafa shi, ba can ba."

Saura shiga kwata. Irin wannan jirgi a wuri mai ƙunci ba da sitiyari ake juya shi ba, da totur biyun nan ne, ɗaya gaba ɗaya baya, aikin hannu biyu. Kurahashi ya miƙa hannu zai karɓa, Kinuyo ba ta ko dube shi ba. Ta kama totur na dama.

"Baban Sanae. Hagu."

Ya tsaya a ɓarinta da ya shanye, ya ɗora hannunsa a na hagu. Mutanen da ke kan bango suka hango wanda ke tsaye a wurin tuƙi, masu jirage a kusa suka fara jawo tayoyi suna ratayawa. "Gaba," in ji ta. "Tsaya. Baya kaɗan. Na ce kaɗan, kurma." Jirgin ya juya a inda yake, ya matso, ya jingina da bango ba tare da an ji komai ba.

"An cuce mu," in ji Genzo daga sama. "Mu da muka bar aiki muka zo kallon karo."

Shi ne ya zo da kurfinsa bayan an gama ciniki. Ya tsaya yana sosa ƙeya tsakanin ciki biyu, har Kinuyo ta nuna masa ƙarƙashin totur ɗin, a tsakiya. Nan aka sa akwatin, aka zuba barasar shinkafa da gishiri, aka rufe.

Bazara biyu suka yi a ruwa, da abin da ke tsakaninsu. Ba su ƙara yin nisa kamar da ba. Gaɓa suka riƙa bi, daga wannan lungu zuwa wancan, Tokuzo yana jefa fatsa don abin miya kawai. Kada wani ya ce maka daɗi ne zalla. Ɗaga ta da kwantar da ita ya cinye masa baya, mai yana da tsada, akwai tashoshin da suka ce takalmi ya yi musu faɗi, kuma duk lokacin guguwa dole su koma gida mai hawa biyu, inda take kwana ido biyu har iska ta lafa. Amma ta yi ƙiba, muryarta ta dawo, faɗan gishiri ma ya dawo. Ya daina neman lungun da ya fi kwanciya, ya koma jefa anga inda igiyar jiragen fito ke isowa. Da rana bayan sun ci abinci igiyar takan zo ta ɗaga ciki ɗaya ta sauke ɗaya, kafin ta lafa Kinuyo ta yi barci. Sanae takan zo hutu da ƙwayoyin hana amai, ta zauna a ƙasa kusa da gadon tana taje wa uwarta farin gashi.

Wata rana da kaka, a wani lungu bayan tsibirinmu, igiyar ta zo kamar kullum, Kinuyo ta yi barci. Tokuzo ya wanke kwanuka, ya gyara ƙugiya, ya dafa shayi. Da shayin ya huce ya je tashinta, ya taɓa hannunta na dama ya ji shi kamar na hagu. Ya zauna kusa da ita ya daɗe. Sannan ya kira Sanae a waya, ya gyara wa matarsa bargo, ya ɗaga anga.

Ya tayar da injin hagu. Hannunsa ya nufi makullin na dama, ya tsaya a iska, ya dawo.

Jirgi mai ciki biyu a kan inji ɗaya ba ya tafiya sak, kullum yana ja zuwa ɓarin da ya yi shiru, sai mutum ya danne sitiyari da ƙarfi. Haka ya taho a hankali, a karkace, hayaƙi yana fita ta gefe ɗaya. Genzo yana kan bango yana gyaran raga, shi ya fara hango shi. Ya miƙe tsaye. Bai kira kowa ba, amma ɗaya bayan ɗaya masunta suka ajiye abin da ke hannunsu suka jeru a bakin kwata. Sun san Tokuzo da bango, balle a kan inji ɗaya. Da jirgin ya iso yana neman dukan siminti, hannaye suka miƙo suka tare shi, na tsofaffi da na matasa, suka jingina shi a hankali.

Genzo ya cafe igiya ya ɗaure. Ya leƙa ta ƙofa ya ga keke babu kowa a gaban sitiyari. Ya san amsa, amma duk da haka ya tambaya.

"Injin dama ne ya mutu?"

Tokuzo ya kashe na hagu, kwatar ta yi tsit.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ba nawa ba ne."